Koren Haɗin Ya Gana

Ya Gana ta dawo gidan mahaifinta a Azare bayan ta fita takaba. Mijinta, Malam Muslim, malamin sakandare ne a Misau, mutum mai jiki, mai son raha da balangu. Bai yi jinya ba. Yana tsaye gaban allo ya dafe kai ya zube, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likitoci suka ce hawan jini ne ya daɗe yana cin sa a ɓoye, shi bai sani ba. Allah bai ba su haihuwa ba, don haka aka kwaso kayanta aka jibge a ɗakin da ta yi ƙuruciya, ita ma ta shige ta zauna a tsakiyarsu. Ba ta kuka a gaban mutane, ba ta kuma magana. In an kawo abinci ta taɓa ta ture. In 'yan gaisuwa sun zo ta amsa da ka.

Mahaifinta, Alhaji Bukar, tun yana saurayi ya baro Gaidam ya zauna a Azare, yana da rumfar huluna a kasuwa. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa bai taɓa kama sunanta ba, sai dai Uwata. Kullum kafin ya fita sai ya tsaya bakin ƙofarta ya ce, "Uwata, an tashi lafiya?" Ta amsa can ƙasa-ƙasa, ya ɗan jira ko za ta ƙara wani abu, in ya ji shiru ya gyara babbar rigarsa ya wuce.

Abin da ya fito da ita daga ɗakin nan, waya ce. Tana kwance tana latse-latse ta ci karo da wata mata tana bayanin yadda ake markaɗa ɗanyen ganye da 'ya'yan itatuwa a sha, wai yana gyara jini, yana kare mutum daga irin ciwon da ya ɗauke mata miji. Ta kalla, ta sake kalla, ta nemo wasu irinsa. Ranar nan da sassafe gidan ya ɗauki wata ƙara da ba a saba ji ba. Hajiya Kaltum, mahaifiyarta, ta fito da carbi a hannu ta tarar da ita tsugune a tsakar gida gaban blendar markaɗe da aka yi mata ta kayan aure, tana tura alayyahu a ciki.

"Ke, me nake gani haka? Ɗanye? Ko tafasa shi ba ki yi ba?"

"Haka ake yi, Inna. Wuta tana kashe amfaninsa."

Hajiya ta leƙa cikin jug ɗin ta ja da baya ta riƙe haɓa. "Innalillahi! Wannan ai ruwan kududdufi ne. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin ɗan Adam ya sha alayyahu ba. Mu awaki ne?"

Sai Ya Gana ta yi dariya. 'Yar gajeruwa ce, amma dariya ce, kuma Alhaji da ke fitowa daga turakarsa ya ji ta. Ya tsaya cak. Ta cika kofi ta je ta durƙusa gabansa ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, kai za ka fara sha. Ba na son abin da ya sami Malam ya sami kowa a gidan nan."

Ya karɓa, ya duba koren abin da ke ciki. "Me da me kika zuba, Uwata?"

"Alayyahu da ayaba da lemon zaƙi. Ban sa sukari ba, dabino na sa."

Ya riƙe kofin bai kai baki ba har ta ɗauka ƙyama yake ji. Ya dubi kofin, ya dubi fuskarta, sannan ya ce bismillahi ya kafa kai bai sauke ba sai da ya ga ƙarshensa. Ya goge gemu ya ce ai ba laifi, ya fi kama da fura. Hajiya ta ce su dai suka sani.

Daga ranar Ya Gana ta zama wata daban. Da kanta take zuwa kasuwa ta zaɓo ganyen da aka kawo daga fadama da raɓarsa, ta wanke shi ɗaya-ɗaya da ruwan gishiri. Wata rana ta ƙara zogale, wata rana kankana, in ta samu fiya ta jefa. In babu wuta ta ɗauki blendar ta kai shagon mai sola a bakin layi. Kumatunta suka ciko. Matan unguwa suka fara shigowa tambayar yadda ake haɗawa, tana yi musu bayani tana nuni da hannu kamar mai koyarwa a aji. Har Hajiya ma aka kama ta tana ɗanɗanawa, ta ce duba gishiri take yi. Alhaji kuwa bai taɓa fashi ba, kowace safiya kofinsa yana jiransa.

Da zafin bazara ya kankama, sai Ya Gana ta lura mahaifinta ya rage cin tuwo, kuma takalminsa yana matse shi, ƙafafun sun ɗan tasa. Wani lokaci in zai tashi sai ya dafa bango. Ta tambaye shi, ya ce zafi ne da tsufa. Ta koma wayarta ta duba, ta dawo da amsa: dattin jiki ne yake fita, haka yake yi wa wasu da farko. Maimakon kofi ɗaya, sai ta mayar masa biyu, na safe da na la'asar, ta ƙara yawan ayaba saboda ya samu ƙarfi.

Wata safiya ya shanye nasa a kan tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ya sa hula, ya yunƙura zai tashi. Bai tashi ba. Ya sake yunƙurawa, gwiwoyinsa suka ƙi, ya koma ya zauna daɓas. Ya dubi ƙafafunsa kamar na wani ne aka ajiye masa.

"Uwata, zo ki kama ni. Ƙafafuna ba sa ji na."

Ta zo da gudu ta tallabe shi, ta ji nauyinsa duka ya sauka a kanta. Gumi ya jiƙe masa wuya, leɓɓansa sun yi fari. Ya ce yatsunsa suna yi masa kamar tururuwa na yawo a ciki. Hajiya ta saki muciya ta fasa salati. Ya Gana ba ta san lokacin da ta fita ba mayafi ba, ta faɗa gidan da ke jikin nasu tana buga ƙofa.

Sista Joan ce take haya a gidan, ma'aikaciyar jinya 'yar Tafawa Ɓalewa, wadda ta shekara da shekaru a unguwar har yara suna ce mata Anti. Ta daɗe ba ta nan, an tura ta kwas Bauchi, a satin nan ta dawo. Ta shigo da zani ɗaure a ƙirji, ta durƙusa ta kama wuyan hannun Alhaji tana jin bugun jininsa. Ya Gana tana kallon fuskarta ta ga ta canza.

"Me ya ci yau?"

"Bai ci komai ba tukun. Haɗinsa kawai ya sha."

"Wane haɗi?"

Ya Gana ta nuna kofin. Joan ta ɗauka ta shinshina, ta ga ɓawon ayaba tuli a faranti da guntun alayyahu. Ta juyo ga tsohon da idanu waje, ta manta da duk wani ladabi.

"Baba Alhaji! Wannan kake sha? Kai? Tun yaushe?"

Alhaji ya kawar da kai.

"Tun kafin azumi," in ji Ya Gana. "Kullum. Me ya faru? Ganye ne fa kawai da ayaba."

Joan ta ajiye kofin. Ta miƙe ta ce a tare keke napep yanzu-yanzu, kada a tsaya neman riga.

A asibiti abin ya ƙara ɗaure wa Ya Gana kai. Ba a tambaye su sunansa ba. Wata nas tana ganin an shigo da shi ta ce, "A'a, Baba mai hula ne!" Likitan da ya fito da sauri, wani dogo mai tabarau, shi ma ya san shi, har yana cewa, "Alhaji, yaya haka?" Joan ta raɗa masa magana a kunne, ya juyo ya dubi Ya Gana kallo ɗaya, sannan suka tura gadon ciki. Ta hango ana manna masa wayoyi a ƙirji, ana neman jijiya a hannunsa, aka ja labule.

Suka zauna a benci ita da mahaifiyarta. Can likitan ya fito ya ce wace ce mai haɗa masa abin sha. Ya Gana ta miƙe, Hajiya ma ta tashi.

"Ba ku san ciwonsa ba ne?"

"Wane ciwo?" in ji Hajiya.

Likitan ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce ƙodojin Alhaji sun yi rauni, ya fi shekara yana zuwa wurinsu duk wata ana duba shi ana ba shi magani.

"Ba dai Alhajina ba," Hajiya ta ce. "Duk wata garin Katagum yake zuwa kai huluna. Ni nake ɗaure masa kayan."

"Hajiya, nan yake zuwa. Da ƙunshin hulunan ma yake shigowa."

Hajiya ta koma ta zauna a hankali, bakinta buɗe.

Likitan ya juya ga Ya Gana, ya sassauta murya. Ya ce ayaba da alayyahu da dabino da lemo abinci ne masu kyau, ga mai lafiyar ƙoda babu abin da za su yi masa sai alheri. Amma akwai wani sinadari a cikinsu da yawa, ana ce masa fotashiyam. Lafiyayyar ƙoda takan tace wanda ya yi yawa ta zubar da shi a fitsari. Ta Alhaji ba ta iyawa. Sai ya yi ta taruwa a jininsa, shi ne ya kashe masa ƙafafu, kuma saura ƙiris ya tsayar masa da zuciya. Ya ce sun yi masa allurai don su riƙe zuciyar, yanzu za su ɗora shi a kan injin wankin ƙoda a fitar da abin.

"Tun farko mun hana shi waɗannan abubuwan," ya ce. "Ɗaya bayan ɗaya na lissafa masa su da bakina."

Ya Gana ta ji kamar an ɗauke sautin duniya. Tana ganin bakin likitan yana motsi, tana ganin mutane suna wucewa da kwanukan abinci, amma ba abin da take ji sai bugun ƙirjinta. Ta dubi hannayenta. Har yanzu akwai koren ganye a ƙarƙashin farcenta.

"Ni na ba shi," ta ce. "Da ya ce ƙafarsa ta yi nauyi, ƙara masa na yi."

Ba ta san ta sulale ƙasa ba sai da ta ji sanyin siminti. Joan ce ta ɗago ta ta fitar da ita baranda ta yayyafa mata ruwa. Da hankalinta ya dawo, sai ta fizge hannunta.

"Ke kin sani. Muna gaisawa ta katanga, kina cin tuwon gidanmu, kin sani."

"Na sani," in ji Joan, idonta ya kawo ruwa. "A nan na gan shi. Ya roƙe ni don girman Allah kada in faɗa wa kowa, kuma sirrin majinyaci ba nawa ba ne da zan bayar. Wallahi da ina gari na ga kofin nan sau ɗaya, da na fasa alkawarin. Ya Gana, ba ki yi don ki cuce shi ba."

"Da ya mutu, wannan maganar za ta tashe shi?"

Joan ta share hawayenta. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa har aka kira azahar.

Sai wajen la'asar aka bar su suka shiga. Alhaji yana kwance an ɗaga masa kai, ba hula, furfurarsa a waje, ya yi ƙanƙanta a cikin gadon. Ya motsa yatsun ƙafarsa don su gani, ya yi murmushin da bai kai ido ba. Hajiya ta tsaya daga ƙafar gado ta dube shi tsawon lokaci, ta ce, "Sannu da dawowa daga Katagum," ta juya ta fita.

Ya Gana ta ja kujera ta zauna. Ta yi niyyar ta fara da sannu, amma abin da ya fito daban ne.

"Baba, ranar da na fara ba ka, ka tambaye ni abin da na zuba. Ka san an hana ka?"

"Na sani."

"Ka sani ka sha?"

Ya daɗe yana kallon silin. "Na ɗauka kofi ɗaya ba zai yi komai ba. Da na ga na kwana lafiya, sai na ce likitoci da ma akwai su da tsoratarwa." Ya numfasa. "Uwata, tunda kika dawo gidan nan ban ji muryarki ta wuce bakin ƙofa ba. Ran nan na ji kin yi dariya. Kika zo kika durƙusa da kofi. In na ce ba zan sha ba, sai na faɗi dalili. In na faɗi dalili, ke da ba ki gama share hawayen miji ba, sai ki koma ɗakin nan ki zauna jiran mutuwata. Na ga gara in sha."

Ta ɗauka kuka za ta yi. Sai ta ji wani fushi mai zafi ya taso mata daga ciki, irin wanda ba ta taɓa ji game da mahaifinta ba.

"To da ka mutu a kan tabarmar nan fa, Baba? Da kofina a gefenka? Likita ya zo ya faɗi abin da ya faɗa yau, kai kuma ba ka nan balle ka ce ka sani. Wa zai gaya min ba ni na kashe ubana ba? Da wane ido zan kalli Inna? Malam ya tafi na ce ƙaddara ce, ban sani ba. Wannan fa, me zan ce?"

Ta ga maganar ta same shi. Idanunsa suka buɗe. A fili yake cewa duk tsawon watannin nan, wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba. Ya ɗaga hannun da babu allura ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya Gana ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba, ko ranar da aka binne ƙaninsa.

"Astagfirullah," yake ta cewa. "Astagfirullah. Ki yafe min, Uwata."

Ba ta ce ta yafe ba a lokacin. Ta dai kama hannun ta sauke shi daga fuskarsa ta riƙe, suka zauna a haka har nas ta zo ta ce a bar shi ya huta.

Ya yi kwanaki a asibiti kafin a sallame shi. Ƙafafunsa sun dawo, amma likita bai ɓoye musu ba: ƙodojin ba za su koma kamar da ba, magani da kiyaye abinci ne za su ja lokaci, wataƙila nan gaba sai an riƙa wankin a kai a kai. Wannan karon a gaban Hajiya da Ya Gana ya yi bayanin abin da zai ci da wanda ba zai ci ba, Hajiya tana sa shi yana maimaitawa. A gida ta koma dafa masa nasa daban, ta tafasa ganye ta zubar da ruwan fari kafin ta yi miya, gishiri kuwa sai dai ya ji labari. Ta yi mako ba ta yi masa magana in ba ta kama dole ba. In ya yi ƙorafin miya ba ɗanɗano, sai ta ce ya je Katagum ya ci.

Ya Gana ta daɗe ba ta iya kallon ayaba. Matan da ta koya wa haɗin ta bi su gida-gida tana tambaya ko akwai mai ciwon ƙoda ko tsoho mai shan magani a cikin masu sha, in akwai a tsaya sai an tambayi likita. Wasu suka tsorata suka daina gaba ɗaya. Joan ce ta riƙa bin bayanta tana gyara zancen, tana cewa mai lafiya ya sha abinsa, ba guba ba ne. Su biyun sun shirya, ko da yake sai da aka ɗauki lokaci.

Saura abu ɗaya. Babban ɗan Alhaji, Mohammed, yana aiki a Damaturu, kuma har yanzu abin da aka gaya masa shi ne zazzaɓi ne ya kwantar da tsohon. Alhaji yana ta cewa a bari sai ya zo hutu. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Ya Gana ta sami mahaifinta a zaure yana shan iska, ta zauna gefensa, ta nemo lambar yayanta ta danna, ta sa masa wayar a hannu.

"Ni ba zan faɗa masa ba, Inna ma ta ce ba za ta faɗa ba. Da bakinka zai ji."

Ya dube ta kamar zai yi gardama. Wayar tana ta ringi. Aka ɗauka, muryar Mohammed ta fito yana gaisuwa da Barbarci, yana tambayar jiki.

Alhaji ya amsa gaisuwar har ƙarshe, ya tambayi iyali da yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya yi gyaran murya.

"Mohammed, kana tuƙi ne? To, samu wuri ka tsaya. Akwai maganar da ya kamata in gaya maka tun bara."